Yadda Ake Zaɓen Kyamarar Ɗaukar Hoton Biki a Wurin da Haske Ya Yi Ƙaranci

Hoton ɗaurin aure da hantsi a ƙofar masallaci, kowace kyamara za ta fitar da kai kunya, ko wayar hannu ma ta iya. Inda ake gane kyamara shi ne bayan isha'i, a zauren dina, an rage fitilu an bar shuɗi da ja suna wulgawa, amarya ta shigo ƙawaye na biye da ita. Ko kuma ɗakin da ake kamu, ƙwan fitila ɗaya ne a rufi, mata sun cika shi maƙil, ba ka da wurin ja da baya. In don irin wannan aikin za ka sayi bodi, wato gangar kyamarar ba tare da lens ba, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi.

Mataki na 1: Fara duba jakarka kafin ka duba kanti

In kana da lens na Canon guda biyu ko uku, kar ka yi tsalle zuwa Sony don kawai ka ji ana yabonta. Lens ɗin EF na Canon yana hawa sababbin kyamarorinsu marasa madubi (waɗanda aka cire wa madubin ciki da tsofaffin ke da shi) ta hanyar adafta, kuma yana aiki sarai. Na Nikon ma haka, da adaftar FTZ.

Sannan ka raba kuɗinka biyu tun a gida. Lens ɗin da ake haɗo kyamara da shi yakan tsuke zuwa f/5.6 in ka jawo abu kusa (lambar f tana nuna buɗewar lens: in ta yi girma, haske kaɗan ke shiga). Ɗan 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Babu bodin da zai ba ka wannan ribar. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a bodi ya ɗora mata lens mai duhu, ya sayi doki ne ya rasa kuɗin ciyawa.

Mataki na 2: Girman sensa za ka tambaya, ba yawan megafiksel ba

Mai kanti zai fara yi maka kirarin megafiksel, domin shi ne adadin da ke burge mai saye. Ka saurare shi, sannan ka tambayi girman sensar, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ta ful-firem tana da milimita 36 a faɗi, 24 a tsaye. Ta APS-C ba ta kai rabin wannan filin ba. Babban faranti ya fi tarar ruwan sama, haka babbar sensa ta fi tarar haske, shi ya sa hoton da ka ɗauka a ISO 6400 (ISO saiti ne na ƙara wa hoto haske, amma yawansa na rage tsabtar hoton) da ful-firem zai yi kusan tsabtar wanda ƙaramar ta ɗauka a 3200. A zauren biki kuwa tsakanin 3200 da 6400 ɗin nan za ka kwana.

Megafiksel 20 zuwa 24 sun wadatar da albam da kalanda da firem ɗin falo. Canon EOS R6 ta 2020 tana da 20, Sony A7 III ta 2018 da Nikon D750 ta 2014 kowacce 24. Mai 45 ko 60 za ta cika maka katin ajiyar hoto, ta nauyaya kwamfuta, alhali yawancin hotunan a WhatsApp da Instagram za su ƙare. Kar kuma ka ruɗu da ISO 102400 ko 204800 da aka rubuta a kwali. Kyamarar za ta ɗauka, amma hoton zai fito yashi-yashi, ba wanda za ka miƙa wa uwar amarya ba.

Mataki na 3: Gwada yadda take kama fuska a duhu

Nan ne maganar take, kuma nan aka fi yin sakaci. Hoto mai yashi-yashi yana gyaruwa, tun da manhajoji irin su Lightroom suka ƙware wajen share shi. Hoton da fokas ya kuskure, wato lens bai saita kan fuskar ta fito tas ba, ba shi da magani. Ango ya riƙo hannun amarya za su yanka kek, lens yana ta kai da komowa yana laluben inda zai tsaya, kafin ya kama an gama, ba kuma za a sake don kai ba.

Kamfanoni suna rubuta iyakar duhun da fokas ke aiki da ma'aunin EV, wanda yadda lambarsa ta ƙara yin ƙasa, haka duhun da kyamarar ke iya kamawa a ciki ke ƙaruwa. D750 da A7 III suna kaiwa -3, R6 kuma -6.5. Amma ka lura, Canon da lens f/1.2 ta auna nata, Sony kuma da f/2, don haka tazarar ba ta kai yadda alƙaluman suka nuna ba. Abin da ya fi tasiri a aiki shi ne bin ido. Marasa madubi irin R6 da A7 III suna gano idon mutum su bi shi ko yana rawa, abin da tsofaffin masu madubi ba sa yi in kana leƙe ta tagar ido.

Sai dai bikinmu yana da nasa tarko. Amarya takan zo a lulluɓe, kyamara ta rasa ido ta koma kan ƙawar da ke gefe. Lokacin liƙi kuma hannuwa da takardun kuɗi suna gilmawa ta gaban fuska, fokas ya bi su. Don haka ka duba ko bodin tana da ɗan maɓallin nan na babban yatsa da ake matsar da wurin fokas da shi, kuma ko za ka iya kashe bin ido da latsawa ɗaya ba tare da ka shiga menu ba. Ni bodin da ba ta da wannan, ko da rangwame ba na so.

Mataki na 4: Gurbin kati biyu

Wannan ba abin ciniki ba ne. Kati yana mutuwa ba sallama, biki kuma sau ɗaya ake yi. Bodi mai gurbi biyu tana rubuta kowane hoto a katuna biyu lokaci guda. A7 III, R6, D750, Canon 5D Mark III da Nikon Z6 II duk suna da biyu. Canon EOS R, RP, 6D Mark II da Nikon Z6 ta farko ɗaya gare su. Kyamarori ne masu kyau, amma in da su za ka yi aiki, ka riƙa canza kati bayan kowane sashe na bikin, kar ka tara komai wuri guda.

Mataki na 5: Hana girgiza da matsalar fitilu

Na'urar hana girgiza da ke cikin bodi rawar hannunka take gyarawa, ba rawar mutane ba. Tana da amfani wurin ɗaukar lalle, zobe, kayan ado da zauren kafin jama'a su shigo. Da zarar an fara rawa sai ka kai shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, ko kana da ita ko ba ka da ita. Ka so ta, amma kar ka biya kuɗi mai yawa dominta kaɗai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙyaftawar fitilu. Wutarmu mai 50Hz ce, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. In an koma janareto abin kan ƙaru. Sai ka ga hoto ɗaya da haske, na bayansa ya yi duhu ko ya koma kore. In kuma ka kunna shata marar sauti a ƙarƙashin fitilun LED masu araha, hoton ya fito da zane-zane kamar atamfa. Ka nemi bodi mai saitin hana ƙyaftawa, kuma a zaure ka tsaya kan shata mai sauti, ai kiɗa ya rufe ƙarar.

Mataki na 6: Batir

Masu madubi sun fi juriya: an auna D750 mai madubi a hoto 1,230 kan caji ɗaya, A7 III marar madubi a 710. Kowacce ka ɗauka, ka sa kuɗin ƙarin batir biyu a lissafi.

Mataki na 7: In ta hannu ce, gwada ta kafin ka biya

Yawancinmu ta hannu muke saye, ba kuma abin kunya ba ne. Je da katinka da lens ɗinka. Fara duba adadin bugun shata: an ƙera ta D750 da ta 5D Mark III don bugu 150,000, wadda ta haura 120,000 ba za a saya da farashin mai 20,000 ba. Ɗauki farin bango a f/16, ka buɗe hoton sosai, ƙura da tabon sensa za su bayyana. Saka kati a kowane gurbi ka tabbatar yana rubutawa. Ɗora filasha a kanta ka ga ta tashi, domin wurin nan yakan sassauta a kyamarar da ta sha biki.

Daga nan ka roƙi mai kanti ya kashe fitila, ko ku shiga sito. Ka sa yaron shagon ya tsaya can ƙurya, in da hali sanye da farar riga, ya taho wajenka a hankali kamar ango. Sa ISO 6400, shata 1/200, lens a buɗe, ka ɗauki goma a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Kar ka yarda da ƙaramin allon kyamara, komai yana kyau a cikinsa. Buɗe su a kwamfuta ka ƙirga nawa ne idon ya fito tas. Sannan ka ɗaga hasken fuskar ka gani: baƙar fata da farar shadda a hoto ɗaya su ne jarrabawa mafi wuya ga sensa, ko rigar ta ƙone aikin wuyan ya ɓace, ko fuskar ta nutse. In takwas cikin goma sun kama, fuska ta ɗago ba ta koma toka-toka ba, aikin rigar kuma yana nan, sai ku zauna a yi ciniki. In mai kanti ya ƙi yarda a kashe fitilar, ɗauki lens ɗinka ka leƙa shagon gaba.