Dodon bishiya a teburin wasa: kurakuran da ke zubar masa da kwarjini

Kukan da masu jagorantar Dungeons & Dragons (wasan tebur da jagora ke ba da labari, 'yan wasa su taka rawar jarumai, ana jefa dayis don yanke sakamako) suka fi yi a kan dodon bishiya, wato treant, shi ne, sun sha wahalar shirya shi, 'yan wasa suka ƙone shi ƙurmus cikin zagaye biyu. Galibi laifin na jagoran ne.

Babban kuskure shi ne yi masa shela. Jagora ya ce, "Ga wata ƙatuwar bishiya ta taso muku," kowa ya rarumi dayis, tsoro ya tafi ke nan. A dokokin bugu na biyar na 2014, idan treant ya tsaya cik ba a iya bambanta shi da sauran itatuwa, kuma wannan ya fi makin ransa 138 (yawan ɓarnar da zai iya sha kafin ya mutu) amfani. To a bar shi ya yi aikinsa. Mai gadin dare ya lura itacen da aka ɗaure doki a jikinsa ya matso kusa da tanti. Hanyar da aka biyo da safe saiwoyi sun toshe ta. Can sama an hango gatari maƙale a reshe, ɓawo ya haɗiye rabin ƙotarsa, mai shi ko sama ko ƙasa. Kafin a zare takobi, 'yan wasa sun riga sun daina yarda da kowane kututture.

Sai batun wuta. Ɓarnar wuta ninki biyu take a jikin treant, kowa ya sani, kuma daga mataki na 5 mai sihiri yana iya jefa Fireball, sihirin dunƙulen wuta mai fashewa. Wasu jagororin sukan goge wannan rauni a ɓoye. Ni dai ban ga hikimar hakan ba, don ɗan wasa ya yi dabara an hana shi ladanta. Gara a bar wutar ta ci, amma ta ci har da abin da ba a so. Dokar Fireball da kanta ta ce yana cinna wa abin da ke iya kamawa wuta. Busasshen ganye ya kama, iska ta juya, hayaƙi ya turnuke, ga wanda aka zo ceto a ɗaure tsakiyar kurmin. Nan mai sihiri zai yi ta jujjuya dayis a hannu yana tunani.

Ana kuma barin dodon shi kaɗai gaban mutum huɗu ko biyar, su yi masa taron dangi. Alhali sau ɗaya a rana yana iya tayar da bishiya ɗaya ko biyu da ke cikin ƙafa 60 su taya shi faɗa, yana jifa da duwatsu daga nesa, ɓarnarsa a kan gini da kaya kuwa ninki biyu ce. Ya fara da karya gadar da za a bi a gudu, ko keken dokin da ke ɗauke da guzuri. A haɗa shi da needle blight, dodannin tsiro masu harbi da ƙaya, waɗanda wuta ba ta ninka musu ɓarna.

Abin da aka fi sakaci da shi kuwa dalili ne. A asalin dokokin treant na kirki ne, saboda haka in za a mai da shi mugu, sai a san abin da ya ɓata shi. Wasan ma yana da misali: bishiyar Gulthias ta tsiro ne daga turken da aka soke wani dodo mai shan jini, daga gare ta blight suka fito. Naka dodon me yake tsaro? Kabari ne, ko wani abu da ya kulle a ƙarƙashin saiwarsa don kada ya fito? Treant yana magana, to a ba shi baki ya yi gargaɗi sau ɗaya, ya faɗi sharaɗinsa. A kuma zana masa iyaka a taswira, rafi ko bakin kurmi, inda in 'yan wasa sun tsallake zai daina bin su.