Takardar kamfani ko ƙa'idar wayarin: wacce za ka bi?

Duk na'urar sanyaya ɗaki da aka kawo mini in haɗa, ba na taɓa sukuddireba sai na karanta lambar da ke manne a jikin injin na waje. A nan kamfani ke rubuta iyakar bireka, wato makunnin da ke yanke wuta in ta yi yawa, a ce amp 20. Wannan iyaka ce, ba shawara ba. Kada ka ɗora mai 32 don kawai shi ke cikin jakarka.

Amma kamfani bai san gidan ba. Zai ce wayar milimita 2.5 ta isa, alhali teburan BS 7671, ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, an gina su kan zafin digiri 30 ne. A Kano cikin Afrilu muna haura 40, balle cikin silin. A digiri 40, waya mai rufin robar PVC sai an ninka ƙarfinta da 0.87: amp 24 a cikin bututu ya dawo kusan 21. Da kyar ta tsallake bireka mai 20. In hanyar na da tsawo, ko wayoyi sun cunkushe a bututu ɗaya, ni mai milimita 4 nake sawa, ko da maigida zai yi ƙorafin kuɗi. Na sha ciro waya daga silin robarta ta yi tauri tana ɓarewa a hannu.

To in takardar kamfani da ƙa'idar wayarin suka saɓa, ka ɗauki wanda ya fi tsauri. RCD mai 30mA kuwa, wato abin da ke yanke wuta in tana zurarewa, in na'urar sanyaya ɗakin mai inbata ce, duba nau'in da takardar ta nema kafin ka tafi kasuwa.