Yadda ake rage wa motar tsere nauyi da gyara mata ƙafar gaba

Tseren da ake nufi a nan shi ne na miƙaƙƙiyar hanya, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su cinye mita 402, wato rubu'in mil, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Yawancin samarin unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi da ke kai mota Suame Magazine, matattarar masu gyaran mota, da wannan niyya, maganar inji suke fara yi wa fita, wato makaniki, alhali aikin da ya fi araha yana jikin motar da ƙafarta ta gaba. Masu wannan tsere a Amurka suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk kilo 45 da aka sauke, lokaci yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka tabbatar da tayoyin da ke jan motarka. Bayanin nan na motar da ke ja da baya ne, irin tsofaffin BMW E30 da E36 ko Marsandi 190. Daga nan ka ɗora ta a kan sikeli kana zaune a ciki, ka auna gaba daban, baya daban, ka rubuta.

Sauke kaya ba ya buƙatar dogon bayani: kujerun baya, kujerar fasinja, tayar safaya da jak, kafet, sifikoki, da baƙar kwaltar da aka manna a ƙasan motar don kashe ƙara. Na'urar sanyaya mota ma ta fita duka, duk da na san a zafin watan Maris a Kumasi wannan shawara ba ta da daɗin ji. Kada ka cika tanki ranar tsere, domin kowace lita ta fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo.

Sai dai inda nauyin ya fito ya fi yawansa muhimmanci. Lokacin da mota ta zabura, nauyinta yakan koma baya ya danne tayoyin da ke ja, kuma wannan dannewar ce ke hana su murzawa a banza. Saboda haka kilo ɗayan da aka cire daga hancin mota ya fi wanda aka cire daga but amfani. Ka sauya bonet na ƙarfe da na faiba, ka sa siraran tayoyi da rim na alminiyam a gaba, sannan ka mayar da batir but, a ɓangaren dama, cikin akwatin da aka ɗaure da noti, tare da waya mai kauri da makunnin kashe wuta da za a iya kai masa hannu daga waje. Abin da ba a taɓawa shi ne ginshiƙan rufi, shasi da birki. Idan mai walda ya ce zai huda su don rage nauyi, ka ɗauke motarka ka tafi.

Yanzu sai ƙafar gaba. Ka fara da sabunta boljoyin, tayarod da bushin, domin ɗora sabon kaya a kan ƙafar da ke da wasa asarar kuɗi ce. Bayan haka ka cire sandar sitabilaiza ta gaba, wadda ke riƙe hancin mota ta hana shi ɗagawa cikin sauƙi. Sa'an nan ka sa shokozoba irin wadda ake kira 90/10, mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, ta yadda gaban motar zai ɗaga nan take ya kuma sauko a hankali, nauyi ya daɗe a kan tayoyin baya. Dogon sifirin mai laushi shi ke tafiya da ita. Wanda ya yanke sifirin don mota ta kwanta ta yi kyau a hoto, ya kashe wannan aiki gaba ɗaya. Idan hancin yana tashi fiye da kima, ana sa ɗamarar da ke taƙaita miƙewar ƙafar.

Wanda motarsa ke ja da gaba, kamar Civic ko Corolla, akasin haka zai yi: ya hana gaba ɗagawa, ya ƙara wa sifirin na baya tauri, ya bar batir inda yake.

Alaimen ne aikin ƙarshe. Ka nemi a daidaita tayoyin su tsaya cak, su kalli gaba sosai, kuma a yi awon bayan an ɗan ɗaga hancin motar da jak zuwa tsayin da take gudu a kai, domin kusurwar taya tana sauyawa yayin da ƙafa ta miƙe.

Motar da aka yi wa wannan gyara tana tangaɗi a kwana, tana kuma rikicewa idan an taka birki da ƙarfi, don haka ba ta dace da titin kasuwar Kejetia ko hanyar Accra ba. A rufaffen fili ake gwada ta, da hular kwano da bel, ana sauya abu ɗaya a kowane gwaji ana rubuta lokacin da ta yi a mita 18 na farko, domin a nan ne aikin ƙafar gaba yake fara nunawa.