Yadda Ake Sa wa Keke Mai Manyan Tayoyi Injin Lantarki a Garin Jos

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Jos suka fara waiwayar kekunan da suka jingine a zaure, sai dai duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Terminus zuwa Bukuru ya san cewa hawa da gangaren wannan gari ba sa barin mutum ya isa wurin aiki da busasshiyar riga. Keken shaƙatawa, mai faffaɗan sirdi da lanƙwasasshen kai da manyan tayoyi, yana karɓar injin lantarki da kyau saboda yawanci firam ɗinsa na ƙarfe ne, amma girman tayar nan shi ne ke jawo wa mutane asara idan ba su yi lissafi da shi ba tun kafin su je sayayya.

Ka fara da karanta lambar da ke jikin robar tayarka, kada ka dogara da ido. Abin da ake kira inci 26 bakin wilinsa milimita 559 ne, na inci 29 da mai lamba 700C kuwa 622 ne, yayin da tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, masu lamba 28 x 1½, nasu 635 ne. Bambancin milimita 13 tsakanin na biyun ƙarshe ya isa ya hana taya zama, ko da mai kaya ya rantse maka cewa duk inci 28 ne. Injin taya yakan zo ne a ɗaure a cibiyar wilinsa, saboda haka idan ba ka sami wilin da ya dace ba, sayi injin shi kaɗai, ka kai wa ƙwararren mai gyaran keke ya ɗaura shi a kan bakin wilinka, muddin ramukan wayoyin sun zo ɗaya, waɗanda galibi 36 ne.

Daga nan sai ka duba birki, domin shi ne zai nuna maka inda injin zai zauna. Yawancin irin waɗannan kekuna birkinsu yana cikin cibiyar tayar baya, ana kama shi ta hanyar mayar da feda baya, saboda haka cire wannan taya daidai yake da cire birkin gaba ɗaya. Ga irin wannan keke, injin tayar gaba ya fi sauƙi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙafafun fok na gaba yawanci milimita 100 ce, wadda ita ce ma'aunin injinan gaba. Akwai injin tsakiya, irin na kamfanin Bafang, wanda ke jan sarƙa kuma ya fi kowanne iya hawan tudu, amma yana son mazaunin feda mai faɗin milimita 68 zuwa 73, ya fi tsada, sannan nau'insa da aka fi samu ba ya aiki da birkin feda.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne zaɓen injin kansa. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, kimanin mita 2.2, amma gwargwadon girmanta gwargwadon yadda take rage wa inji ƙarfin ja. Injin da ke juyi 200 a minti zai ba ka kusan kilomita 26 a awa, kuma wannan ya wadatar. Wanda ke juyi 300 an yi shi ne domin ƙananan tayoyi. Idan aka sa shi a babba, zai yi gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da zarar ya fuskanci doguwar hawa sai ya riƙa nishi yana ɗaukar zafi har wayoyin cikinsa su ƙone. A ganina, inji mai giya a ciki, na wat 350 zuwa 500, shi ne daidai da tudun Filato, kuma wat 1,000 a tayar gaba neman rigima ne kawai.

Wajen ɗaurawa, ka kifa keken, ka cire tsohuwar taya, ka zura sandar injin cikin bakin fok har ta zauna daram, wayar tana fitowa ta ƙasa domin ruwan sama ya zube maimakon ya bi ta ya shiga ciki, abin da ba wasa ba ne a daminar Jos. Kada ka ɗaure noti ba tare da ka sa ƙarfen tallafi ba, wato ɗan farantin da ke riƙe sandar ya kama jikin fok. Ni na taɓa raina shi, ranar nan ina cikin hawan wani tudu sai sandar ta juya a mazauninta, ta nannaɗe wayar ta tsinke ta, na koma gida ina tura keken da ya ƙara nauyi.

Batir shi ne mafi tsada a cikin kayan. Na litiyam mai volt 36 yana cika a 42, mai 48 kuma a 54.6, saboda haka kowanne da cajarsa, kuma dole kwantirola, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, ta yi daidai da shi. Idan ka ninka volt 48 da amfiya-awa 13 za ka sami wat-awa 624, wato yawan wutar da batirin ke ɗauka, wanda zai iya kai ka kilomita 40 ko fiye idan kana taimakawa da feda. Ka guji batirin da aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta ba tare da allon kariya ba, domin irinsa ne ke kama wuta. Ka ɗaure shi a tsakiyar firam, can ƙasa, domin idan ka ɗora shi a mazaunin kaya na baya keken zai riƙa rawa a kwana.

Sauran aikin ba shi da wuya. Ka sa totur da allon nuni a jikin kan keken, ka sa faifan maganaɗisu, wanda ke sanar da inji cewa kana murza feda, a jikin feda, ka haɗa filogai kibiya na kallon kibiya, sannan ka ɗaure wayoyin ka bar musu ɗan sassauci domin kai ya juya dama da hagu ba tare da ya ja su ba. Lallai ne ka ƙara birkin gaba mai hannun da ke yanke wuta, domin birkin feda shi kaɗai yana yin zafi a dogon gangare.

Kafin ka hau, ɗaga tayar gaba ka murɗa totur a hankali ka ga ko tana juyawa gaba, sannan ka gwada a fili da hular kwano a kanka. Bayan tafiyar mako guda, ka sake bin notocin da sifana, ka taɓa wayoyin wili ka ji ko sun saki. Wajen caji kuwa, ka bar batir ya huce tukuna, ka ajiye shi a kan siminti nesa da katifa da labule, kuma ka zare caja idan an ɗauke wuta, domin dawowarta da ƙarfi na iya ƙona ta.