Yadda Ake Zaman Shiru na Zen Domin Sanin Halin Zuciya

Zen reshe ne na addinin Buddha wanda ya bunƙasa a ƙasar Sin kafin ya ƙetara Japan, kuma ginshiƙinsa shi ne zama shiru a wuri ɗaya, abin da mabiyansa suke kira zazen. Daga cikin manyan malaman da suka tsara ƙa'idojin zaman akwai Dogen, ɗan ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1200, ya tafi Sin neman ilimi a 1223, sannan ya kafa gidan ibada na Eiheiji a 1244. Tun da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu. Aƙidarsu ba tamu ba ce, kuma Musulmi ba shi da abin nema a rusunawa gaban mutum-mutumi ko karanta addu'o'insu. Abin da za a iya ɗauka shi ne dabarar zaunar da jiki da sa wa zuciya ido, wadda ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa jin malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna maganar muraƙaba da muhasaba. Wanda ya ji shakka ya tuntuɓi malaminsa.

A ƙauyukanmu na Jigawa babu lokacin da ya fi bayan sallar Asuba da kammala azkar, kafin a ɗauki fartanya, kafin injin niƙa ya tashi. Zaure ko gefen rumbu ya wadatar, muddin ba hanyar wucewar yara ba ce. A shimfiɗa tabarma ko buzu, a fuskanci bango kamar yadda almajiran Dogen suke yi, domin ido ya rasa abin bi. Matashin da Japanawa ke zama a kai, mai suna zafu, sau da yawa audugar rimi ake cusa masa, saboda haka duk matashi mai tauri da ke ɗaki zai yi.

Zaman kansa shi ne rabin aikin. A zauna a kan bakin matashin ta gaba, ba tsakiyarsa ba, a harɗe ƙafafu yadda gwiwoyi biyu za su taɓa ƙasa. Wanda gwiwa ke damunsa ya zauna irin zaman tahiya ko a kan kujera, ba laifi. A miƙe gadon baya ba tare da sandarewa ba, a ɗan janyo haɓa, kunnuwa su daidaita da kafaɗu, hanci ya daidaita da cibiya. A ɗora bayan hannun hagu a tafin hannun dama a kan cinya, manyan yatsu biyu su taɓa juna kaɗan. Waɗannan yatsu ma'auni ne mai kyau, domin idan gyangyaɗi ya zo sai su saki, idan kuma rai ya ɓaci sai su danne juna. Ba a rufe ido ruf, ana barinsa rabi a buɗe yana kallon ƙasa kimanin mita ɗaya a gaba, saboda rufaffen ido bayan Asuba barci yake gayyata.

Daga nan sai numfashi. A shaƙa ta hanci, a bar ciki ya yi motsinsa, kada a tilasta masa tsawo. Duk fitar numfashi a ƙidaya ɗaya a zuci, har zuwa goma, sannan a koma farko. Mai farawa da wuya ya kai biyar. Yana cikin ƙidaya sai ya tsinci kansa yana lissafin bashin taki, ko yana mayar wa ƙanin mahaifinsa martani kan iyakar gonar gado, martanin da bai samu bakin faɗa ba a gaban mai unguwa. Wannan ba gazawa ba ce. Zuciya kamar akuya take a turke, za ta ja igiya, aikin mai ita kawai ya dawo da ita ba tare da duka ba. Da zarar an lura an ɓace, sai a koma ɗaya.

A nan ne, a ganina, amfanin abin yake. Bayan wasu makonni mutum zai gane cewa tunaninsa ba shi da yawa kamar yadda yake zato: abubuwa ƙalilan ne suke ta kewayowa, kuma galibi tsoron rashi ne, ko son a yabe shi, ko wata tsohuwar gaba. Wanda ya ga hassadarsa tana tasowa da idonsa, tun kafin ta zama magana, ya fi kusa da tuba a kanta fiye da wanda yake rantsuwa ba shi da ita. Zaman ba ya gaya wa kowa halal da haram, wannan aikin ilimi ne. Yana dai nuna inda ciwon yake.

A fara da minti 10, a riƙa ƙarawa a hankali. A gidajen ibadarsu zama ɗaya yakan kai minti 30 zuwa 40, kuma tsakanin zama da zama sukan tashi su yi tafiya a sannu, rabin taku ga kowane numfashi, domin jini ya koma ƙafa. Idan ƙafa ta yi sanyi a warware ta, dauriya a kan ciwon gwiwa ba falala ba ce.

Wani lokaci akan ga haske, ko a ji jiki ya yi sakayau kamar zai tashi. Malaman Zen suna kiran wannan makyo, kuma umarninsu shi ne kada a kula shi, balle a fita gari ana labarin an samu buɗi. Wanda kuwa yake fama da waswasi mai tsanani ko ciwon damuwa, idan ya ga shirun yana ƙara masa ƙunci, to ya dakata, ya nemi likita, ya zauna cikin mutane.