Yadda Ake Sauya Robar Hannun Babur Mai Ɗumama Tafi

Manyan baburan hannu da ake shigowa da su daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, irin su BMW da Honda, da yawansu suna zuwa da robar hannu mai ɗumama tafi, wadda aka binne siririyar wayar wuta a cikinta. A Kumasi mutum zai iya shekara bai kunna ta ba, amma duk wanda ya taɓa barin unguwar Aboabo bayan sallar asuba a watan Janairu, ya ɗauki hanyar Techiman da Kintampo zuwa Tamale cikin hazon hunturu, ya san yadda yatsu ke sandarewa har kama birki ya zama aiki.

Idan ta daina ɗumi, kada a yi gaggawar yanke ta. A fara duba fiyus, sannan a bi wayar ɓangaren totur, domin ita ce ke lanƙwasawa duk lokacin da aka murɗa wuta, kuma a nan ta fi tsinkewa. Sai mitar awon wuta ta nuna cewa wuta ba ta ratsa cikin robar kanta ba, sannan a nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara a Kumasi, neman sabuwa. A tafi da awo: yawancin babura kaurin ƙarfen hannunsu milimita 22 ne, amma irin su Harley-Davidson inci ɗaya ne. Robar dama ta fi ta hagu faɗin baki, saboda a kan bututun totur take zama.

Kafin a taɓa komai, a cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. A kwance ƙarfen da ke toshe bakin hannun, a tsaga tsohuwar robar da reza a tsaye, amma a ɓangaren dama a sassauta hannu, don bututun totur na roba ne kuma reza tana iya huda shi. A kankare busasshen gam tas, a goge wurin da tsumma mai tsabta. Wasu bututun suna da 'yan tudu-tudu a jikinsu. A rage su da samfefa sannu a hankali har sabuwar ta shige da ƙarfin hannu kawai. Guduma ba ta da gurbi a wannan aiki, domin bugu ɗaya ya isa ya tsinke wayar ciki.

Matakin da na fi so a kula da shi shi ne gwaji tun ba a shafa gam ba. A zura robobin haka nan, a haɗa wayoyi, a mayar da batir, a tayar da inji, a jira 'yan mintoci a ji ko dukansu biyu sun ɗauki ɗumi. Daga nan a kashe inji, a murɗa totur har ƙarshe a sake shi. Dole ne ya koma da kansa nan take. A bar wa wayar dama 'yar sarara yadda za ta bi juyin totur ba tare da ta ɗame ko ta tokare hannun birki ba, a kuma karya kan babur dama da hagu har iyaka a ga ba ta maƙale ba. Na taɓa ganin babur ɗin da waya ta riƙe wa totur a bakin gareji, kuma ba abu ne da nake fatan kowa ya gamu da shi a tsakiyar cunkoson kasuwar Kejetia ba.

Game da wuta, batirin babur bolt 12 ne, robobin kuwa suna jan kusan amfiya 3 zuwa 4, don haka a sa musu fiyus irin wanda kamfanin ya ambata, a kuma bi da su ta rile, wato 'yar na'urar da ke buɗe wuta da rufe ta, mai aiki da makullin babur, don kada a manta da su a kunne a wayi gari batir ya mutu. Ƙananan babura irin Boxer ban ba da shawarar a ɗora musu wannan nauyi ba, saboda wutar da suke samarwa kaɗan ce.

Idan komai ya zauna daidai, a yi alama da alli inda wayar za ta fuskanta, a zare robar, a shafa gam siriri, a tura ta zuwa mazauninta a tashi ɗaya kafin ya kama. A tabbata gam bai malala tsakanin bututu da ƙarfe ba, kuma bakin robar bai goga da ƙarfen toshiya ba. A bar babur ɗin a inuwa na awa 24 kafin a hau, sannan a sake gwada totur kafin a fita titi.