Yadda Ake Yanka Katako Mai Launi Biyu Don Ado

Kafintan da ke son ƙawata akwati a birnin Omdurman na ƙasar Sudan zai samo fallayen katako biyu masu kauri ɗaya, abanus (wani baƙin katako mai tauri) da wani mai haske, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, ya shafa gam a gefuna kawai, sannan ya liƙa zanen adon da zai yanka a sama. Sai ya huda ƙaramin rami, ya zura siririn zarto, ya riƙe shi a miƙe, domin idan ya karkata guntayen ba za su zauna cikin juna ba. Idan aka musanya guntayen da aka yanko, yanka ɗaya yana fitar da ado biyu, baƙi cikin fari da fari cikin baƙi. Abanus yana da saurin tsagewa, musamman da rani, don haka gara a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa, a kuma sassauta hannu inda zanen ya yi kwana.